Daren da Ummi ta kasa numfashi, da takardun da suka biyo baya

Da misalin ƙarfe biyu na dare Maman Ummi ta tashe ni. Ba ta ce komai ba sai "Abban Ummi, zo ka gani." Yarinyar na zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyinta da hannu biyu, kafaɗunta na hawa suna sauka, ƙirjinta na wani irin kuka kamar ana busa cikin kara. Shekararta bakwai. Tun tana shekara huɗu muka san tana da asma, kuma mun saba da abin: a girgiza abin shaƙa, a fesa mata sau biyu, a jira ta dawo daidai. Daren nan an fesa, an sake, an kuma sakewa, shiru. Da na haska fuskarta sai na ga leɓɓanta sun fara canza launi, ta buɗe baki za ta kira ni amma kalmar ta ƙi fita.

Watan Janairun 2024 ne, ana wani sanyi da mu mazauna Teksas ba mu saba da irinsa ba. Na ɗauki waya zan danna 911. Zan faɗi gaskiya a nan, don saboda ita na zauna rubutun nan: kafin in danna, sai da na tsaya. Ban daɗe ba, ƙila daƙiƙa biyar ko goma, amma na tsaya. Waya na hannuna, 'yata na neman iska, ni kuma ina tuna abin da abokan aiki suka sha faɗa mini, cewa a ƙasar nan ba a kiran motar asibiti sai an ga mutuwa ido da ido, domin kuɗinta zai bi ka har kabari. Har yau in na tuna tsayuwar nan sai raina ya ɓaci.

Cikin minti bakwai suka iso, mutum uku. Ba wanda ya tambaye ni ko ina da kuɗi. Ɗaya ya durƙusa gaban Ummi yana kiran sunanta, ya sa mata abin rufe hanci da baki mai fitar da tururin magani, ɗaya ya manna mata wani abu a yatsa yana karanta yawan iskar da ke jininta. A asibiti ma haka. Ƙofa ta buɗe, aka wuce da ita ciki kai tsaye, likita ya zo, nas biyu suka zo. Sai da numfashinta ya fara daidaita, bayan kusan awa ɗaya, sannan wata mata ta turo ƙaramin teburi mai kwamfuta ta ce in ba ta katin inshora, tana ba ni haƙuri don ta dame ni. Da gari ya waye aka sallame mu. Ummi ta yi barci a bayan mota, bakinta a rufe, tana numfashi ta hanci kamar kowa.

Wannan karɓa da aka yi mana ba kirkin ma'aikata kaɗai ba ne, ko da yake suna da kirki. Doka ce. Tun 1986, zamanin Shugaba Reagan, majalisar Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa duk asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya na kula da tsofaffi, wato kusan dukkan asibitocin ƙasar, ya duba duk wanda ya zo sashen gaggawa, ya ceto shi har ya fita daga haɗari, ko yana da kuɗi ko ba shi da shi, ko ɗan ƙasa ne ko baƙo. Kafin dokar, asibitoci masu zaman kansu kan sa talaka a mota su tura shi asibitin gwamnati yana jini. Da aka sa tara mai nauyi, aka kuma nuna da gaske ake, sai abin ya ragu.

Ina zaune kan kujerar roba a gefen gadon Ummi daren nan, Baba nake tunawa, Allah Ya jiƙansa. A 2016 muka kai shi wani asibiti a Kano da daddare, jikinsa ya shanye gefe ɗaya. Kun san sauran, ba sai na faɗa ba. Abin da bai taɓa barin raina ba shi ne 'yar takardar da aka yago aka miƙa wa Yaya, da jerin abubuwan da za a sayo kafin a taɓa shi, har safar hannu, da yadda muka rabu biyu, shi ya tafi neman kemis ɗin da bai rufe ba, ni na tsaya ina riƙe da kan Baba a kan benci. Sai bayan na zo nan na san cewa a lokacin ma akwai doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai neman taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Shekara biyu ke nan da yin dokar a daren da muke kan bencin. Mu ba mu san da ita ba, kuma wanda ya miƙo takardar bai ji tsoronta ba.

To, wannan shi ne abin yabon, kuma na yaba da zuciya ɗaya. Sai mako uku ya zagayo, takardu suka fara shigowa.

Ta farko daga kamfanin inshora ce, an rubuta a samanta da manyan baƙaƙe cewa wannan ba takardar neman biya ba ce, bayani ne kawai. Asibiti ya ce aikin da ya yi mana cikin awa shida ya kai dala 9,600. Layi na gaba ya ce bisa yarjejeniyar da ke tsakanin asibitin da kamfanin inshora, kuɗin ya dawo 3,900. Na ce alhamdulillahi, ashe amfanin inshorar ke nan. Layi na uku ne ya sa na zauna: daga cikin 3,900 ɗin, nawa kason 3,180 ne. Kowane wata ana cire mini dala 420 daga albashi don inshorar iyali, kamfanin da nake wa aiki yana ƙara fiye da haka. Amma tsarin shi ne, a kowace shekara sai na fara kashe dala 3,000 daga aljihuna kafin inshora ta sa hannu, bayan nan ma ina biyan kashi 20 cikin ɗari. Lissafin kuwa a watan Janairu yake komawa sifili. Da ciwon ya tashi a Disamba, bayan mun riga mun cike kason shekara, da abin da zan biya bai kai rubu'in haka ba. Yarinya ɗaya, ciwo ɗaya, gado ɗaya, bambancin mako uku a kalanda.

Ta biyu daga likitan ce. Ni duk zatona likita da asibiti abu ɗaya ne. Ashe likitocin sashen gaggawar ma'aikatan wani kamfani ne daban da asibitin ya ɗauka haya, kuma kamfanin nasu ba shi da yarjejeniya da inshorata. Sun rubuta dala 1,150. A nan doka ta sake tsaya mini. Daga 1 ga Janairun 2022 wata dokar tarayya ta fara aiki, wadda ta hana a ɗora wa maras lafiya ragowar kuɗi idan likitan da ya duba shi a gaggawa ba ya cikin jerin na inshorarsa. Su je su daidaita da kamfanin inshora, in sun kasa akwai mai shiga tsakani. Dala 70 kawai na biya. Wani ɗan Nijar da muke salla tare ya ce shi a 2019 irin wannan takardar ta same shi, kuma sai da ya biya ta duka.

Ta uku ita ce ta motar asibiti: dala 1,780, na tafiyar da ba ta kai mil shida ba. Inshora ta biya 480 ta ce iyakar abin da ta ga ya dace ke nan. Saura 1,300 a kaina. Na kira na ce ai akwai doka. Matar da ta ɗauka ta ce mini, cikin ladabi, dokar ta haɗa da jirgin sama na ɗaukar marasa lafiya, amma ba ta haɗa da mota ba. Na ɗauka kuskure ta yi, na je na bincika, ashe gaskiyarta. Majalisa ta tsallake motocin ƙasa, ta kafa kwamiti ya yi nazari. Wasu jihohi sun toshe ɓarakar da dokokinsu, amma dokar jiha ba ta hawa kan irin inshorar da manyan kamfanoni ke riƙewa da kuɗinsu, irin tawa ke nan. A cikin dare ɗaya, ƙarƙashin rufi ɗaya kusan, inda doka ta kai na biya 70, inda ta tsaya na biya 1,300.

Na nemi a ba ni lissafin asibitin dalla-dalla, domin a nan sai ka nema ake bayarwa. Shafi biyu ne. Abu mafi tsada a ciki ba magani ba ne, ba hoton ƙirji ba ne, kuɗin shiga ɗakin ne kawai, dala 2,900. Ruwan maganin da aka zuba a na'urar tururi, wanda muke da irinsa a gida cikin kwali, an rubuta masa farashin da ya isa ya sayi kwalin sukutum har da canji. Na tambayi mutumin ofishin kuɗi wa ya sa waɗannan farashi. Ya ce ai ba wanda ke biyansu. To me ya sa aka rubuta? Ya ce daga nan ake fara ciniki da kamfanonin inshora. Kowane kamfani da nasa farashin, gwamnati da nata wanda ya fi kowanne sauƙi, kuma bincike ya nuna abin da inshora mai zaman kanta ke biyan asibitoci ya ninka na gwamnati fiye da sau biyu. Wanda ake tura wa cikakken farashin shi ne wanda ba shi da inshora kwata-kwata, wato wanda ya fi kowa rashin hali.

Ni ɗan kasuwa ne ta wajen uba, a Kantin Kwari na tashi, kuma ban taɓa ƙin kasuwa ba. Na san yadda farashi ke sauka. Mai saye ya ɗaga atamfa, ya tambaya, a faɗa masa, ya taya, a ce albarka, ya juya zai tafi, a kira shi. Ƙarfin mai saye duka a ƙafarsa yake: yana iya wucewa rumfar gaba, yana iya cewa sai gobe. Amurkawa suna alfahari da cewa lafiyarsu a hannun kasuwa take, ba a hannun gwamnati ba. Amma a daren nan wace rumfa zan wuce? Ban zaɓi motar da ta zo ba, ban zaɓi asibitin da ta kai mu ba, ban zaɓi likitan ba, ba a faɗa mini farashi ba, kuma da an faɗa mini ko miliyan ce zan ce a yi. Wanda ɗansa ke neman iska ba ya tayawa. Tun 2021 an wajabta wa asibitoci su buga farashinsu a intanet, na je na duba na asibitin da aka kai mu, na tarar da dubban layuka da lambobi waɗanda ko ma'aikacin banki sai ya yi gumi. Ko da a ce a bayyane suke, wa zai buɗe kwamfuta ƙarfe biyu na dare?

Kada in zalunce su, akwai inda kasuwar ke aiki, kuma na gani da idona. Aikin gyaran ido da ake yi da haske don mutum ya ajiye tabarau, inshora ba ta biya, ba kuma gaggawa ba ne, don haka za ka ga an kafa farashinsa a allon talla a bakin titi, wannan na karya na wancan. Haka magungunan da wa'adin mallakarsu ya ƙare. Wata doka ta 1984 ta sauƙaƙa wa kowane kamfani ya yi irin maganin da zarar wa'adin mai shi ya cika, kuma yau kusan tara cikin goma na magungunan da likitoci ke rubutawa irin waɗannan ne. A 2006 kantin Walmart ya fara sayar da da yawa daga cikinsu dala 4 na wata guda. Maganin hawan jinin da nake sha a nan ya fi mini sauƙi a aljihu fiye da yadda yake wa Yaya a Kano, kuma ba na fargabar jabu ne.

Amma ku ji labarin abin shaƙar Ummi, wanda muke kira Ventolin a gida. Maganin da ke ciki tun shekarun 1960 aka gano shi, kuma har farkon shekarun 2000 ana samunsa da araha a Amurka, kamfanoni da yawa na yi. Sai aka ce iskar da ke tura maganin daga gwangwanin tana ɓata sararin samaniya, aka hana ta daga ƙarshen 2008. Hanin ba laifi ba ne. Sai dai sabon gwangwani ya zo da sabon haƙƙin mallaka, masu araha suka ɓace daga kanti, tsohon magani ya koma sabo a farashi, kuma sai 2020 aka amince wa wasu kamfanoni su sake yin mai araha. Fiye da shekara goma iyaye suna biyan ninki saboda gwangwani. A farkon 2024 wani kwamitin majalisar dattawa ya fara binciken manyan kamfanonin da ke yin abin shaƙa, ba a yi wata uku ba uku daga cikinsu suka sanar cewa ba za a ƙara biyan fiye da dala 35 a wata ba. Kuɗin yin maganin bai ragu ba a wata ukun nan. Ido ne ya dawo kansu.

Haka aka yi da insulin na masu ciwon suga. Waɗanda suka gano shi a Kanada a 1921 sun sallama wa Jami'ar Toronto haƙƙinsa a kan dala ɗaya-ɗaya don kowa ya samu. Bayan kusan shekara ɗari, kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwarsa, kuma kwalba ɗaya da ake sayarwa dala 21 a ƙarshen shekarun 1990 ta kai dala 275. A lokacin mutane na shiga mota su tsallaka Kanada su sayo shi da kashi ɗaya cikin goma na farashin. Abin da ya fi ba ni mamaki, gwamnatin Amurka da kanta, wadda ta fi kowa sayen magani ta hanyar shirin tsofaffi, doka ta 2003 ta hana ta ciniki da kamfanonin. Babban dila, an ɗaure masa baki. Sai a 2022 aka kwance shi kaɗan, aka kuma tsayar da insulin na tsofaffi a dala 35 a wata, sannan a 2023 kamfanonin uku suka sanar da zaftare farashinsu. A shekarar 2023 ƙasar nan ta kashe kusan dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, wajen dala 14,500 a kan kowane mutum, kusan ninki biyu na abin da Faransa ko Kanada ke kashewa, kuma mutanen can sun fi na nan tsawon rai.

Jimillar abin da ya hau kaina dala 4,550 ce. Ba mu da ita a ajiye. Abin da muke da shi a ajiye kun san inda yake tafiya duk ƙarshen wata. Wata abokiyar aikin Maman Ummi ce ta ce in je ofishin kuɗi in nemi takardar tallafi, domin doka ta 2010, wadda ake kira da sunan Obama, ta wajabta wa asibitocin da ba sa biyan haraji su tanadi rangwame ga marasa hali. Ba wanda ya faɗa mini haka a asibitin, yana can ƙasan shafi na ƙarshe da ƙananan baƙaƙe.

Na je ranar wata Talata, na ɗauki hutun rabin yini. Aka ba ni lamba, na zauna a layi. Da aka kira ni, matar ta miƙo takarda mai shafi huɗu, ta ce in kawo takardun albashi na wata uku, da bayanin asusun banki, da takardar haraji ta bara. Ina da su a jaka. Ta buɗe bayanin bankin tana bi da biro layi-layi, sai ta tsaya a kan kuɗin da ke fita duk ranar 28 ga wata, ta ce wannan fa? Na ce mahaifiyata nake aika wa, da kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanwata. Ta ce suna zaune a gidanka? Na ce a'a, suna Najeriya. Ta ce to ba za su shiga lissafin iyali ba, mutum huɗu ne a gidanka. Ba da wulaƙanci ta faɗa ba, har ta ce ta fahimta, ita ma tana aika wa nata a Meksiko. Amma ni da ake kira daga gida in an kwantar da wani, ni da ake cewa a faɗa wa na Amurka, ga ni zaune ana ƙirga abin da na ci da abin da na ba uwata don a ga ko na cancanci sadaka. Na fito na zauna a mota na daɗe ban tayar ba. Bayan mako biyar amsa ta zo: albashina ya wuce iyaka da kaɗan, an rage kashi 25 cikin ɗari na kuɗin asibiti, sauran a biya wata-wata. Masu motar kuwa ba su rage ko sisi ba.

Ban faɗa wa kowa a gida ba a lokacin. Yanzu nake faɗa, saboda masu ganin duk wanda ke nan a kan tudun dala yake kwance, da kuma ƙannenmu da ke sayar da fili don su taho. Mutum miliyan 26 ne ba su da inshora a ƙasar nan a 2023. Mafi yawan masu ita kuma ta wurin aiki suka samu, al'adar da ta samo asali lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da gwamnati ta hana ƙarin albashi, kamfanoni suka koma jawo ma'aikata da inshorar lafiya. Ma'anarta yau ita ce in aka sallame ka daga aiki, an sallami 'ya'yanka daga asibiti. Na san mutanen da ke haƙuri da shugaban da ke taka su kullum saboda matarsu na da ciwon da ba a daina shan magani. Abokina da ke Ingila ya ce su ba ruwansu da wannan, mota kyauta, gado kyauta, sai dai shi baƙo yana biyan fam 1,035 a shekara tun wajen neman biza, kuma jiran layin aiki kan kai watanni.

A makon da nake fama da takardun nan Yaya ya kira a kan Hajiya. Ita ma asmar ce, daga wurinta Ummi ta gada har da sunan. Ya ce Ventolin ya yi wuyar samu, inda aka samu kuma kuɗinsa ya ninka ya sake ninkawa. An saki naira a watan Yunin 2023, a Agusta kamfanin GSK ya sanar zai tattara ya bar harkarsa a hannun dillalai, mu kuma yawancin maganinmu daga waje yake zuwa, da dala. Ba inshorar da za ta tsaya tsakanin Hajiya da mai kemis. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun maras lafiya yake fita kai tsaye. Ta fara tattalin feshi, in abin ya taso ta fesa ɗaya maimakon biyu, ta sha ruwan zafi ta kwanta. Ita a can tana ƙirga feshi, ni a nan ina ƙirga daƙiƙa kafin in kira mota. An gudu ba a tsira ba.

Gwamnatocinmu suna da babban laifi. A Abuja aka taru a 2001 aka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafi ga lafiya, kuma a mafi yawan shekaru ko rabi ba mu kai ba, masu sa hannu a kasafin kuwa in kansu ya sara sai Landan ko Masar ko Dubai. An yi sabuwar dokar inshorar lafiya a 2022 wadda ta ce wajibi ce a kan kowa, ku tambayi mutum goma a layinku ku ji nawa suka san da ita. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na ce wa Yaya ya je ya yi wa Hajiya rajista a hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ya ce mini ai wannan kiran ciwo ne, kuma wa ya sani ko halal ne. Yaya, kai da kake zubin adashe tun kana saurayi! Mene ne wannan in ba adashen da mai ciwo ke kwasa ba? Mu ne za mu haɗa akwati goma sha biyu na lefe, mu ɗinka anko kala uku, mu kama wurin biki, amma in aka ce a ajiye wani abu don ranar ciwo sai mu ce Allah Ya kiyaye mu wuce. Ranar ta zo kuma sai a ɗauki hoton maras lafiya a kan gado a sa a Facebook da lambar asusu. Mu ne kuma za mu bar yaron kemis da bai gama sakandare ba ya rubuta mana magani kala biyar, ya yanka mana rabin kati, mu ce ya fi likita sauƙin kai. In kun ce hukumar ba ta ba da magani mai kyau, to ku shiga ku yi yawa ku dame su. Da surutu aka sauke farashin abin shaƙa a nan.

Duk da haka, safiyar da muka dawo daga asibiti gida na yi kewa, ba kaɗan ba. Gidan shiru. Da a Kano ne, kafin azahar tsakar gida ta cika da takalma, wannan da kwanon kunu, waccan da fulas ɗin shayi da ƙwai, kowa na sannu, ya mai jiki, Allah Ya ƙara sauƙi, kuma kafin su tashi an tura wani abu ƙarƙashin filo ba tare da an nemi takardar albashin kowa ba. Mai kemis ɗin layinmu ya sha ba Hajiya magani ya ce a kawo kuɗin in an samu. A nan mutum biyu suka zo daga masallaci, ranar Lahadi, bayan sun yi waya sun tambaya ko za su iya zuwa. Allah Ya saka musu. Maman Ummi ta yi kuka bayan sun tafi, ta ce ita muryar Innarta kawai take son ji a bakin ƙofa.

A watan Nuwamba na gama biyan masu mota, na asibiti ya ɗan ƙara watanni. Hajiya kuma an yi mata rajistar, bayan na ce wa Yaya ni zan biya kuma ba zan daina kira ba. Yanzu Ummi na da abin shaƙa uku, ɗaya a jakar makaranta, ɗaya a ofishin nas ɗin makarantar, ɗaya a gefen gado. Mun zauna da mahaifiyarta mun yanke cewa in aka sake ganin leɓɓan nan sun canza, duk wanda waya ta fi kusa da shi ya danna, ba tambaya. Amma wani dare bayan sun yi barci na fita na tuƙa daga ƙofar gida zuwa ƙofar sashen gaggawa ina duba agogo. Minti goma sha huɗu ne, in fitilun hanya ba su tsayar da kai ba.